Ruwa a Silinda ta Huɗu

Motar ta riga ta kama tari kafin Malam Ƙa'ida ya gama zare sakatar ƙofarsa. Da ya fito sai ya tarar da ita tana jijjiga a gindin katangar maƙwabcinsa, bodinta na kaɗawa kamar mai masassara, farin hayaƙi na fita daga salansa, bututun nan na bayanta, yana bin ƙasa. Ya tsaya ya karkata kunne. Injin mai silinda shida ne, amma biyar kaɗai ke aiki. Ɗaya tana kama wuta, ta saki, ta sake kamawa. Hayaƙin kuwa babu warin mai a cikinsa. Tururi ne zalla.

"Ɗaga ƙafarka daga kan totur," in ji shi. "Bar ta ta faɗi abin da ke damunta."

Wanda ke kujerar direba babban ɗan maƙwabcin ne, magidanci mai iyali, wanda furfura ta fara leƙo masa a gemu. Ya gaishe shi ta taga da ladabi, ya kira shi Baffa kamar yadda ya saba tun yana rarrafe, amma ƙafar ba ta ɗaga ba. Ya ƙara taka mai, injin ya yi kuka, ya yi kaki, sannan a hankali jijjigar ta lafa, hayaƙin ya sirance, motar ta daidaita kamar ba ita ba. Ya ce ai ga shi ta warke, tsohuwar mota da tsohon mutum halinsu ɗaya, sai rana ta taɓa su suke miƙewa. Ya sa giya ya fice.

Malam Ƙa'ida ya dubi inda motar ta kwana. Ƙasa a bushe take, ko ɗigo babu. A jikin katanga kuwa ga buta an jingine, bakinta a jiƙe, ruwanta ya ragu. Ya daɗe yana kallon butar nan, har sai da ya ji haƙoransa sun fara ciwo saboda cizon da yake musu.

Ba don wasa aka laƙaba masa wannan suna ba. Tsohon bakanike ne wanda ya ajiye sifana da kansa, ba don hannu ya gaza ba, sai don ya gaji da ganin yadda ake yi wa aiki riƙon sakainar kashi. A zamanin da yake da gareji ba ya kwance ko noti ɗaya sai ya faɗi yadda magabata suka kwance shi, da abin da ya sami wanda ya saɓa. Maƙwabcinsa kuwa direba ne, wanda duk wuraren lodi suka sani da Sannu-Sannu, domin bai taɓa yarda wata mota ta ja shi tsere ba. Katanga ɗaya ta raba gidajensu tun suna samari. Direban yana kiran bakaniken mai kwance lafiyayya, bakaniken yana kiran direban makashin kuloci, kuma ba a taɓa jin ɗayansu ya gaji ba.

Abin da ya kawo ƙarshen wannan raha ruwa ne. Wata rana motar ta ɗauki zafi a kan doguwar hanya, cike da katako, aka tarar lagireto ya kusa bushewa. Sannu-Sannu ya rantse ya zuba ruwa da safe. Ba a jima ba abin ya sake faruwa. Ɗan ya leƙa ƙarƙashin mota bai ga yoyo ba, ya kai ta garejin bakin titi, suka duba tiyo, suka duba famfon ruwa, suka tayar da ita ta tashi sumul, suka ce lafiyarta ƙalau. Daga nan ɗan ya yanke hukunci cewa motar ba ta da laifi, tsohon ne ya fara mantuwa. A wurin lodin katako, a gaban direbobi da masu dako, ya karɓe makulli daga hannun mahaifinsa, ya ce da ƙarfi, "Baba, kanka ya gaji. Ba ka zubawa, gani kake ka zuba." Tun ranar Sannu-Sannu bai sake fitowa ƙofar gida ba. Dama yana fama da kumburin ƙafa da sarƙewar numfashi. Sai ciwon ya sami gado a shimfiɗe, ya kwanta tare da shi.

Malam Ƙa'ida ya yi wa ɗan magana ba sau ɗaya ba. Ya gaya masa abin da maigidansa ya koya masa, wani tsoho mai yatsu tara da ba ya maimaita zance: motar da ke kuka da safe, a inda ta kwana ake duba ta, kafin a murza makulli. Wanda ya tuƙa ta zuwa gareji ya kai wa likita majinyacin da ya riga ya yi wanka ya sa sabuwar riga. Ɗan yakan ce to Baffa, za a duba, amma kullum akwai lodi, kullum kafin sakata ta zare mota ta tashi.

Da hantsi ya shiga gidan maƙwabcin. Ɗakin majinyacin yana da taga ɗaya mai kallon titi, daidai inda motar ke kwana. An ɗora masa ƙafafu a kan matashi, sun kumbura har fatar tana sheƙi. Kwalaben magani na jere a kan kujera, hularsa ta tuƙi na rataye a ƙusa, matarsa na zaune a gefen gado tana masa fifita. Ya rame ta sama, idanunsa sun faɗa, amma da ya ga baƙon sai bakinsa ya motsa.

"Mai kwance lafiyayya. Ka ji ta yau?"

"Na ji ta."

"Ɗaya ba ta kamawa."

Malam Ƙa'ida ya ja kujera ya zauna, ya tambaye shi ko a tarihin duniya an taɓa jin mai ruɗewar kai ya ƙirga silinda ta bayan bango. Sannu-Sannu ya ce kunne daban, kai daban. Ya nemi numfashi, sannan ya faɗi maganar da ta fi komai ƙona ran abokinsa. Ya ce shi ma yanzu ba shi da tabbas. Yana ganin hannunsa riƙe da buta, yana ganin ruwa na cika wuyan lagireto, amma wace safiya ce? Safiyoyin duk kamarsu ɗaya. Wataƙila ta wata rana daban yake tunawa ya ɗauka ta ranar ce. Wataƙila yaron ya yi gaskiya.

"Ban zo jin wannan ba," in ji Malam Ƙa'ida. "Izini na zo nema. Ban taɓa ɗaga bonet ɗin mota ba sai da yardar mai ita, kuma ba zan fara da tsufana ba. Motar wa ce?"

"Tambayi mai makulli."

"Makulli ba ya mai da mutum mai mota. Na sha ganin ɓarawo da makulli."

Matar ta tsayar da fifita. Ta tambaye shi a hankali ko ɗanta yake kira ɓarawo a cikin ɗakinta. Ya ce misali ya kawo, kuma misali ba zagi ba ne. Majinyacin ya yi dariyar da ta koma tari, sai da aka ɗaga shi aka shafa masa baya. Da ya lafa ya ɗaga hannu kamar mai korar ƙuda, ya ce a je a buɗe ta, in dai hakan zai sa a bar shi ya huta.

A bakin ƙofa matar ta biyo shi. Ta ce likita ya sallame su ne ba don sauƙi ba; ya ce a kai shi gida a ba shi abin da ransa ke so. Ta ce in akwai abin da za a yi, kada a jira ranar da babu lodi.

Da yamma motar ta dawo da zafinta. Malam Ƙa'ida ya bari ɗan ya shige, sannan ya ɗaga bonet, ya buɗe murfin distiributa, ya zare rota, wato ɗan abin nan mai kamar babban yatsa da ke raba wa fulogai wuta, ya jefa a aljihu. Murfin lagireto kuwa bai taɓa shi ba. So yake ruwan ya kwana da matsinsa, ya bi duk hanyar da ya saba bi.

Gari na fara wayewa ɗan ya fito da buta, ya tarar da tsohon zaune a kan kujera a gaban mota, akwatin kayan aikinsa a gefen ƙafa, buhu a shimfiɗe a ƙasa. Ya gaishe shi, ya nufi bonet. Malam Ƙa'ida ya ce ya ajiye butar. Ya shaida masa cewa rota na aljihunsa, cewa mai motar ya ba shi izini, kuma yau babu wanda zai murza makulli sai ya ce. Ɗan ya ce akwai katakon da ya yi alkawarin kaiwa kafin rana ta ɗaga. Tsohon ya ce alkawarin katako ba ya ruɓewa. Murya ta hau murya. Tela ya leƙo daga shagonsa da zare a baki, mai wanki ya ajiye ƙullinsa, ƙofofi suka fara buɗewa.

Malam Ƙa'ida ya ga mutane na taruwa, bai ƙi ba. A ganinsa haka ya dace: abin da aka ɓata a gaban jama'a, a gaban jama'a ake gyara shi, kuma bai san wata shari'a da ta taɓa cewa akasin haka ba. Ya miƙe, ya naɗe hannun riga.

Ya fara da buɗe lagireto, ya sa ɗan ya leƙa. Ruwan ya sauka daga inda aka cika shi jiya. Ya nuna ƙasa, ya tambayi jama'a ko wani ya ga danshi. Ya zaro sandar baƙin mai, ya nuna ta fes, ba ta yi fari ba. Ya ce to, ruwa ba ya da fuka-fuki. In bai zuba a ƙasa ba, bai shiga mai ba, saura wuri ɗaya. Ya ɗauki sifanar fulogi ya fara kwancewa ɗaya bayan ɗaya, yana jera su a kan buhu bisa tsarin da suka fito. Na farko da na biyu da na uku sun yi launin toka da ɗan baƙi, kamar yadda ya kamata ga injin da ya ga shekaru. Na huɗu ya fito fari tas kamar yau aka sayo shi, bakinsa da raɓa.

Ya ɗaga shi sama ya juya shi a cikin hasken safiya. Ya ce babu abin da ke wanke fulogi haka sai tururi. Gasket ɗin da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa ya ci ta wani ɗan wuri. In mota ta kwana, ƙarfe ya huce ya tsuke, sai ruwa ya riƙa tsattsafowa cikin silinda har gari ya waye. Da safe fulogi ya jiƙe, wuta ta ƙi kamawa, mota ta yi ta tari har ruwan ya ƙone ya fita ta salansa. In ƙarfe ya ɗumama ya kumbura, sai ya toshe kafar, mota ta koma mutuniyar kirki. A gajeruwar hanya kofi guda take sha. A doguwar hanya da kaya a bayanta, sai ta shanye abin da ta samu. Shi ya sa na bakin titi ba su ga komai ba, domin da ɗuminta aka kai musu ita.

Ya kwance sauran biyun. Sannan ya ce wa ɗan ya matso, ya sunkuya a kan ramin na huɗu ya duba da kyau. Shi kuma ya zagaya, ya hau kujerar direba, ya miƙa hannu aka ba shi makulli, ya murza.

Injin ya juya a banza, babu wuta. Daga rami na huɗu ruwa ya yi tsartuwa, ja da tsatsa, ya wanke wa ɗan fuska da gaban riga.

Tela ne ya fara dariya. Mai wanki ya ce ga ciniki ya samu tun da sassafe. Dariyar ta bi layin har ƙofar ƙarshe. Ɗan ya tsaya da ruwa na ɗiga daga gemunsa, bai share ba. Da tsohon ya sauko, ya matso kusa da shi ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Baffa, na gani. Ka bari mutane su watse, zan shiga da kaina."

"Da ka karɓi makulli ka jira mutane sun watse?" in ji Malam Ƙa'ida, da muryar da ta isa kowa. "Ga tagarsa nan. Ka tsaya a nan ka faɗa, yadda ka ɗaga murya a wurin lodi. Ka ce mahaifinka ya zuba ruwa, kai ne ka yi masa ƙazafi. Kuma ka gaya wa jama'a wa kake zuba wa butar nan kullum, tunda mai mantuwar yana kwance."

Dariyar ta mutu. Ɗan ya dubi tagar, ya dubi mutanen, ya dubi tsohon da idon da Malam Ƙa'ida bai taɓa gani a fuskarsa ba. Ya juya ya bi titi a ƙafa, rigarsa manne da ƙirjinsa, har ya sha kwana.

Malam Ƙa'ida ya ce wa jama'a sun dai gani da idonsu. Ya ɗauki fulogi na huɗu ya shiga gidan da tafiyar wanda ya ci shari'a. Ya tarar numfashin abokinsa ya ƙara gajarta, matar ta daina fifita, ta riƙe hannunsa kawai. Ya sa masa fulogin a tafin hannu, ya bayyana masa komai daga farko, bai tsallake ko gaɓa ɗaya ba. Sannu-Sannu ya shafa bakin fulogin da babban yatsa. Ya ce ya ji dariya ta taga. Wa aka yi wa?

Tsohon bakaniken ya faɗa masa.

"A gaban mutane?"

"A gaban mutane ya yi maka."

"Wa ya aike ka?" Muryar ba ta da ƙarfi, amma fushin da ke cikinta ya cika ɗakin. "Mota na ce ka buɗe. Ban ce ka buɗe mini ɗa ba."

Malam Ƙa'ida ya ce gaskiya ya fito da ita, kuma ga shaidarta a hannunsa. Majinyacin ya saki fulogin ya gangara kan bargo. Ya ce Malam Ƙa'ida abokinsa ne. Ko ba ruwa a silinda zai nemo ya zuba don ya kwantar masa da rai, kuma shi ma da zai yi masa haka. Wanda ya ce kansa ya gaji, shi kaɗai zai ce bai gaji ba. Yanzu kuma an kore shi. Ya juya fuska ga bango.

Matar ba ta ɗaga kai ba. Ta ce, "Malam, ka san inda yake zuwa in ransa ya ɓaci. Ni ba zan iya barin nan ba."

Ya fito yana huci. Bai san wa ya fi jin haushi ba: ɗan da ya yi ƙazafi, ko uban da aka wanke ya ƙi wankuwa, ko telan da har yanzu ke tsaye yana ba wani labari da hannu. A duk abin da ya sani na magabata, babba ba ya bin yaro. Yaro ake aikawa ya kira yaro. Ya tsaya a gefen motar da bonet ɗinta a ɗage yana neman wani misali da zai ba shi damar komawa gida ya zauna. Ta taga ya ji numfashin nan mai kamar ana jan zarto a jiƙaƙƙen itace. Ya rufe akwatin kayan aikinsa, ya kama hanya.

Wurin lodin katako da nisa ga mai shekarunsa. Ya bi ta gaban masu walda, ya tsallake kwata, ya ratsa layin masu sayar da tayoyi, inda wasu da suka san shi suka miƙe suna gaisuwa, ya amsa da ka bai tsaya ba. Rana ta ɗaga, gwiwoyinsa suka fara ƙara. Da ya isa, masu dako suka nuna masa bayan tulin katako da baki. Can ya sami ɗan zaune a kan gungume, rigar ta bushe da taswirar tsatsa a gabanta.

Ɗan bai miƙe ba, kuma wannan ne karo na farko. Ya ce in an zo a ƙarasa ne, ga shi. Malam Ƙa'ida ya tsaya a kansa yana haki, ya tambaye shi tun yaushe ya san ruwan na raguwa a hannunsa shi ma. Ya ce tun makon farko.

"Ka sani, ka bar shi yana tuhumar kansa?"

"Da na faɗa, da ya nemi makullinsa." Ya ɗago. "Baffa, kai kana jin inji, ni na zauna a gefen Baba yana tuƙi. Ƙafar nan ba ta jin birki. Na ga ya taka, motar ba ta tsaya ba, sai da na ja na hannu, ga mata na tsallaka titi. Na ce masa ƙafa, ya ce ƙafarsa ta girme ni. Na ce masa numfashi, ya ce in kula da nawa. Ruwan nan ne kaɗai abin da ya kasa musawa. Da farko na yarda mantuwar ce. Da na gane ba ita ba ce, na riga na faɗa."

"Sai ka ƙwace masa hankali don ka hana shi tuƙi. Ka yanke kai don ciwon ƙafa."

Injin yankan katako ya yi ta kuka a bayansu, ƙura na sauka a kafaɗunsu. Malam Ƙa'ida yana da sauran magana cike da baki, da misalai uku ko huɗu da suka dace da wurin, amma ya haɗiye su. Ya ciro rota daga aljihu ya ajiye a kan gungumen.

"Ba zai sake neman makulli ba," in ji shi. "Ka fahimce ni? Babu kowa a ɗakin sai mahaifiyarka. Ni ma a waje zan tsaya."

Wani direba da ya san su ya ɗauko su a gaban motarsa. A ƙofar gida ɗan ya cire takalmi ya shiga, Malam Ƙa'ida ya tsaya inda ya ce zai tsaya, a gefen mota, bayansa ga taga. Da tela ya taso zai zo jin labari, kallo ɗaya ya mai da shi kan kekensa.

Ya ji matar tana cewa ga shi ya zo. Ya ji gwiwoyi sun taɓa ƙasa. Har ya ɗauka yaron ya kasa. Sannan muryar ta fito, a shaƙe, kamar mai ba da rahoto ga maigidansa bayan doguwar tafiya.

"Baba, gasket ne. Ruwa na shiga silinda ta huɗu in ta kwana. A hannuna ma tana sha, na sani tuntuni, na ɓoye maka. Kanka lafiya lau yake."

Numfashin ya ja, ya tsaya, ya sake ja. Abin da ya biyo baya sai da Malam Ƙa'ida ya matsa da kunnensa jikin bango kafin ya kama shi.

"Na zuba."

"Ka zuba, Baba."

Can majinyacin ya ƙara wata magana da ba ta fito ba, matar ta maimaita wa ɗan: wai kada ya bar na bakin titi su taɓa kan injin, ya ba mai taurin kan nan na waje. Malam Ƙa'ida ya buɗe baki zai mayar da martani kamar yadda ya saba shekara da shekaru, ya tarar babu murya. Ya kama gefen bodin motar ya riƙe.

Sannu-Sannu ya cika kafin rana ta faɗi. Kukan matar ne ya sanar da layin. Aka yi masa abin da ake yi wa mamaci, direbobi da masu dako suka zo da yawa, har waɗanda suka tsaya kallo ranar da aka karɓi makulli. Malam Ƙa'ida ya karɓi gaisuwarsu a tsaye, bai ba ko ɗayansu fuska ba. Da wani ya ce ai marigayin dama tsufa ya fara taɓa masa tunani, ɗan ne ya juyo ya ce masa ƙarya ne, a gaban kowa, da muryar da ta sa mutumin neman takalminsa.

Motar ta zauna a gindin katanga da bonet a rufe har baƙi suka ɗauke ƙafa. Wata safiya ɗan ya ƙwanƙwasa ƙofar Malam Ƙa'ida, ya gaishe shi a taƙaice, ya ɗauki akwatin kayan aikin da kansa. Har yanzu akwai abin da ke tsakaninsu wanda gaisuwa ba ta kawar ba, kuma babu wanda ya yi ƙoƙarin taɓa shi. Suka zubar da ruwan lagireto a bokiti, suka cire abin da ke sama. Tsohon ya nuna kusoshin kan injin da yatsa, daga na gefe zuwa na tsakiya, kowanne a sassauta shi kaɗan a wuce, kada ƙarfen ya karkace. Ɗan ya ja sifana, shi kuma yana karɓar kusoshin yana jerawa a kan buhu.

Da suka gama suka kama kan injin, ɗaya ta nan ɗaya ta can, suka ɗaga shi da nishi suka ajiye a kan katako. Gasket ɗin ya fito a manne, baƙi, kuma a gefen rami na huɗu ga inda ya ci, bai fi faɗin farce ba. A cikin ramukan silinda, kawunan fistan biyar sun yi baƙi da gawayi. Na huɗu yana ƙasa, fari kamar faranti, da ɗan ruwa kwance a kansa, sararin sama na bayyana a ciki. Suka tsaya suna kallo, kafaɗa kusa da kafaɗa. Can ɗan ya ciro tsumma daga aljihu, ya naɗe shi a yatsa, ya zura hannu a hankali.